Zafin bazara da lafiyar ƙwaƙwalwa

A Turai, lokacin sanyi ne ke jefa wasu mutane cikin ƙuncin rai, saboda ƙarancin hasken rana. Mu a Nijar rana ba ta taɓa yi mana kaɗan ba. Lokacin da ya fi gwada hankalin mutum shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram.

Da dare matsalar ke farawa. Sai jiki ya ɗan huce barci ke yin nauyi, amma ɗakin kwano yakan riƙe zafi har asuba, balle in an ɗauke wuta. In aka jera kwanaki a haka, saurin fushi, mantuwa da kasala kan biyo baya, har faɗa ya yawaita a gida ba a san dalili ba. Kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, wanka kafin kwanciya da yawan shan ruwa suna taimakawa. Shayi mai ƙarfi na hirar dare kuwa, gara a rage shi.

Masu shan maganin taɓin hankali sun fi shiga haɗari, domin wasu magungunan na rage zufa, jiki ya kasa sanyaya kansa. A ajiye su a inuwa, amma kada su bar magani sai da shawarar likita.

Wanda ya ruɗe farat ɗaya, jikinsa ya yi zafi ko wuyansa ya sanƙare, kada a tsaya cewa iskoki ne. Yana iya zama zafi ne ya buge shi, ko sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan. A kai shi asibiti nan take.