Daga Gora Zuwa Jirgi Mai Inji: Tarihin Wasa da Ruwa a Ƙasar Gobir

Abin da ya jawo wannan rubutu ba wani babban abu ba ne. Wata rana da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida a garin Isa, sai wani yaro daga cikin ɗalibanmu ya miƙo mana wayarsa, wai mu ga abin mamaki. Wani Bature ne tsaye a kan ɗan siririn katako, ya riƙe igiya, jirgi mai inji yana jan sa a guje, shi kuwa yana karkacewa dama da hagu, ruwa yana tashi a bayansa kamar katanga. Yaron ya ce, "Malam, mu me ya hana mu yin irin wannan, alhali ga gulbi nan a bayan gari?" Muka yi dariya muka sallame shi. Amma daga baya tambayar ta ƙi barinmu, domin mun lura cewa amsarta tana cikin tarihin gulaben nan namu da na jiragen da ke yawo a kansu.

Bari mu fara da wasan da yaron ya gani. Wasan zamiya a kan ruwa bai tsufa ba. A cikin 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ƙago shi a tafkin Pepin da ke jihar Minesota ta Amurka. Ya fara gwadawa da katakon ganga, abin ya ƙi. Daga bisani ya sami faffaɗan katako biyu, ya lanƙwasa bakinsu, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi, sai ga shi tsaye bisa ruwa. A 1939 aka kafa ƙungiyar masu wasan a Amurka, a 1949 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Faransa. Irin wanda yaronmu ya nuna mana shi ne na karkace-karkace, wanda suke kira silalom. Katako ɗaya ake hawa, a zagaye ƙwallaye 6 da aka ɗaure suna iyo, uku dama uku hagu. Tsawon igiyar a gasa mita 18 ne da 'yan kai, jirgin kuma yana iya kaiwa gudun kilomita 58 cikin awa ga maza. Duk wanda ya gama zagaye lafiya sai a rage masa igiya, a yi ta ragewa har ya kasa.

Jirgin wasan ma na musamman ne. Tun da kamfanin Correct Craft ya fito da Ski Nautique a 1961, ake ƙera irinsa da inji a tsakiyar ciki, don kada ya tayar da igiyar ruwa mai tudu a bayansa. Mai irin wannan jirgi ba ya hutawa: da awa ake ƙirga aikin injin a canza masa mai, a duba famfon da ke sanyaya shi, in hunturu ya zo a tsiyaye masa ruwa don kada ƙanƙara ta fasa shi, a lulluɓe shi sai baɗi. Kuma a gasa ba a jan mutum sai ya sa rigar da ke hana nutsewa, sai kuma an zaunar da wani a cikin jirgin wanda ba shi da aiki sai kallon wanda ake ja. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, mu komo gida. Ƙasar Gobir ta ƙarni na 18 da na 19 a bakin ruwa ta yi rayuwarta. Gulbin Bunsuru yana gangarowa daga ƙasar Katsina, Gagare yana biyowa ta Ƙauran Namoda, su haɗu a yankin Isa. Gulbin Maraɗi shi kuwa yakan fita ƙasar Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo ya zuba ta wajen Sabon Birni. Tarin waɗannan ruwaye shi ne Gulbin Rima. A gefensa ne Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa wajen tsakiyar ƙarni na 18, birnin da ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka sake kafa gari a Tsibiri, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, fadama da gulbi ne suka zaunar da shi.

Sai dai gulbin namu mai fuska biyu ne. Da rani yashi ne fari fat, jakuna da raƙuma suna ratsawa, mata suna tona ramuka suna kwalfar ruwa. Baturen nan matafiyi Barth, da ya biyo ta Zurmi da Badarawa ya sauka a Sansanin Isa cikin bazarar 1853, ba fito ne ya dame shi ba. Abin da ke gabansa shi ne Dajin Gundumi, inda ayari ke tafiyar yini da kwana ba hutu saboda ƙishirwa da tsoron mahara. Da damina kuwa, daga watan Yuli zuwa Satumba, wannan yashin shi ke zama jan ruwa mai ƙarfi, yana ɗauke da kututture da ƙaya da gawar dabba, yana cin gaɓa yana sake hanya. Wasan zamiya yana son ruwa kwantacce, mai zurfi daidai, mai tsawo, wanda ba kome a cikinsa. Gulbinmu ko dai babu shi, ko kuma ya fi ƙarfin wasa. Wannan ita ce amsa ta farko ga yaronmu.

Da yake ruwan na 'yan watanni ne, kakanninmu ba su ɗora wa kansu manyan jirage irin na Sarkawan Kwara ba. Gora ita ce jirgin talaka. Masunci ya kifa cikinsa a kanta, ya riƙe homa, ya yi ta yawo bisa ruwa, kifin da ya kama ya jefa a cikinta. Mai kaya kuwa sai a zuba masa kayansa a babban masaki, gwanin iyo ya tura har ƙetare. Inda mashigi ya yi zurfi kuma hanyar fatake ta bi ta nan, a nan ake ajiye kwale-kwale, wanda ake sassaƙawa daga gindin icce guda, kamar maɗaci ko kawo. Mallakar irin wannan jirgi ba ta kowa ba ce. Sana'a ce ta gado, a ƙarƙashin Sarkin Ruwa, shi ne ke cewa yau a yi fito ko kada a yi, shi ke buɗe su a tafki, shi ake kira in ruwa ya ci mutum. Mutane sun yi imani yana da asirin kada da na iskokin ruwa. Ko mai karatu ya yarda da wannan ko bai yarda ba, abin da ba a musu shi ne ya san gulbinsa kamar tafin hannunsa, kuma in ya ce jirgi ya cika, to ya cika.

Kula da jirgi kuwa aikin rani ne. In ruwa ya janye ba a barinsa a rana ya tsage, sai a ja shi inuwa ko a nutsar da shi a sauran gurbin da bai ƙafe ba. Inda ya tsage a cusa tsumma ko auduga, a bi da kwalta, a buga gwangwani a kai. Muna yara mun sha tsayawa kallon wannan aiki, ana korarmu muna dawowa, kuma a nan muka fara jin cewa jirgin da ba a gyara da rani ba, ba a shigarsa da damina.

Kada a ɗauka cewa don ba mu zamiya ba mu wasa da ruwa. Yaran bakin gulbi sun gaji iyo da nutso da tseren gora tun kafin su san karatun allo. Amma inda wannan wasa ya zama biki na sosai shi ne Argungu, can ƙasa da mu a kan wannan ruwa namu bayan ya haɗu da Gulbin Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato, aka yi masa su a Matan Fada. Daga nan bikin ya samo asali. Ban da kamun kifi akwai kabanci, wato tseren kwale-kwale, da iyo, da daɗewa a ƙarƙashin ruwa, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Duk wasannin nan, in an duba, gwajin sana'a ne. Wanda ya ci tseren jirgi yau, gobe shi zai yi fiton mutane zuwa kasuwa. A nan muka sha bamban da Bature, wanda jirginsa na wasa daban, na aiki daban.

Ruwa kwantacce bai zo mana ba sai da madatsun ruwa. An gama Bakolori a 1978, wadda rikicin filayenta ya ci rayukan manoma a 1980. An gama Goronyo a kan Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Can sama kuma aka tare Zoɓe da Jibiya a ƙasar Katsina, abin da ya rage wa Bunsuru da Gulbin Maraɗi ƙarfi. Tafkin Goronyo kam ya isa a yi kowace irin zamiya a kansa, amma don noman rani da ruwan shan Sakkwato aka yi shi, shi ma kuma bai rabu da halin gulbin da ya haife shi ba: a 2010 ya yi ambaliyar da ta cinye garuruwa har ta karya gadar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a 2018 kuma ya janye har saura kamar kashi 10 cikin 100.

Abin da madatsun suka kawo shi ne ƙauyukan da ruwa ya raba da kasuwanninsu, da kuma jirgin katako da ake haɗawa da ƙusa, a rataya masa injin Yamaha a baya. Manyan itatuwan sassaƙa sun ƙare, katakon kuwa daga kudu ake kawo shi. Wannan jirgi ya fi kwale-kwale ɗauka nesa ba kusa ba, kuma duk mai kuɗi yana iya sayensa ya ba yaro haya, ko da gidansu ba a taɓa riƙe filafili ba. Yaron da aka ce ya kawo kuɗi kaza da yamma, ga tsadar mai, ba zai ce wa fasinja jirgi ya cika ba. Mai jirgin kuma da yake zaune a gari, bai san katakon da ya ruɓe ba. Ga shi tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Isa da Sabon Birni, ruwa ya zama hanyar kasuwa, wani lokaci ma hanyar gudun tsira da dare.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare gida biyu a Kwara kusa da Warra ta jihar Kabi, waɗanda aka ceto kimanin 20 ne. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano ta ci mutum 29, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Afrilun 2022 aka yi irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Shagari, a Agustan 2025 kuma jirgin 'yan kasuwa masu zuwa Goronyo ya kife da mutum kusan 50. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar hana nutsewa. Doka kam ta yi kyau a takarda. Amma Lakwaja da nisa, Sarkin Ruwan da ke kusa kuma an bar shi da rawani babu iko.

Da yaron ya dawo bayan kwana biyu, mun sa shi ya sake kunna hoton, muka ce ya bar kallon ruwan da ke tashi, ya gaya mana mutum nawa ne a cikin jirgin. Ya ƙirga ya ce biyu, direba da wani da ya juya baya yana kallon mai igiya. Muka tambaye shi nawa suka shiga jirgin fito ranar kasuwar da ta wuce. Ya ce bai ƙirga ba, amma akwai babura uku da buhunan gero, kuma shi aka ba kwano yana kwashe ruwa har suka kai ƙetare.