Layin Baƙin Ƙarfe a Hasken Eksire na Tagwayen Taurari

Layin baƙin ƙarfe alama ce da malaman falaki ke gani a bakan hasken eksire sa'ad da wuta ta ɓarke a kan tagwayen taurari masu kewaya juna kurkusa, irin su Algol, wanda Larabawa suka laƙaba wa Ra'asul Gul. Da yake kusanci na tilasta musu saurin juyawa, maganaɗisunsu yakan ƙarfafa ainun, in kuwa igiyoyinsa suka tsinke suka sake haɗuwa, zafi kan haura digiri miliyan 10, har zarrar ƙarfe ta rasa ilektiron 24 cikin 26, ta fid da haske mai ƙarfin 6.7 keV. Wannan layin hujja ce ƙwaƙƙwara ta tsananin zafin. Akwai kuma layin 6.4 keV na ƙarfe mai sanyi, amma ya fi wuyar gani.