Alhaji Dauda Adegbenro da Maganar Gidan Rediyo a Majalisar Wakilai

Kafin a zo ga abin da Alhaji Dauda Soroye Adegbenro ya yi a Majalisa, ya kamata mai karatu ya san yadda rediyo ya ke a Nijeriya a wancan zamani. A shekarar 1935 Gwamnati ta buɗe rediyon waya a Ikko, watau a kama shirin BBC daga London a ɗaki guda, sa'an nan a ja waya zuwa gidajen waɗanda suka yi hayar akwati. Badun ta sami nata a 1939, Kano kuwa a 1944, inda aka kakkafa manyan akwatunan magana a ƙofar fadar Sarki da gidan waya da ɗakin karatu, jama'a su kan taru su ji labarin yaƙi. Mai akwati ya na da ikon ya buɗe ko ya rufe, amma abin da za a faɗa a ciki, wannan sai wanda ya ke riƙe da bakin wayar.

A 1951 aka kafa NBS, aka ɗauko wani Bature daga BBC, Tom Chalmers, ya shugabance ta. Sashe ce ta Gwamnati, kamar gidan waya ko ma'aikatar ayyuka, albashin ma'aikatanta daga baitulmalin Gwamnati ya ke fitowa. Jaridun Kudu ba su daina kiranta bakin Gwamna ba, amma maganar ba ta yi ƙarfi ba sai da rikici ya zo.

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro, wakili daga Jihar Yamma, ya kawo shawara a Majalisar Wakilai a Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a gyara ta, a cire shekarar, a ce sai lokacin da abin ya yiwu. Gardama ta yi zafi, wakilan Action Group da na NCNC suka tashi suka fice, ministocin Yamma huɗu kuma suka ajiye aiki. Sai Gwamna, Sir John Macpherson, ya yi wa ƙasa jawabi ta rediyo, ya ɗora laifin a kan Action Group. Obafemi Awolowo, shugaban jam'iyyar, ya nemi a ba shi dama ya mayar da amsa ta cikin akwatin da aka zarge shi. Aka hana shi.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin shari'a, ko da a kan tabarmar muhuti ne, ya san alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Mai ƙara ya faɗi tasa, a juya ga wanda a ke ƙara, a ce me ka ce? A nan kuwa mai ƙarar shi ne mai ɗakin, shi ne kuma ya ke riƙe da mabuɗi. Ko wanda ya ke ganin Action Group ta yi gaggawa a kan maganar mulkin kai, da wuya ya ce an yi daidai da aka toshe mata baki.

Adegbenro mutumin Owu ne a ƙasar Abekuta, an haife shi a 1909. Ɗan Action Group ne, ya shiga Majalisar Jihar Yamma a 1951, daga can aka tura shi Majalisar Wakilai, don a lokacin majalisun jihohi su ke zaɓen masu zuwa Ikko. A 1954 ya miƙe ya kawo shawara cewa a kafa hukuma mai zaman kanta wadda za ta karɓi aikin NBS daga hannun Gwamnati. Hujjar da ya kafa ita ce a kawar da zargin da a ke yi cewa gidan rediyo kakakin Gwamnati ne. Abin lura a nan shi ne bai nemi a ba jam'iyyarsa fili don ta rama ba, bai kuma nemi a miƙa rediyo ga ministoci 'yan ƙasa ba, alhali kowa ya ga mulki ya kusa komawa hannunsu. Abin da ya nema shi ne a ajiye mabuɗin a inda Gwamna ba zai kai hannu ba, minista ma ba zai kai ba. Shi ya sa shawarar ba ta yi wa sauran wakilai nauyi ba, gama kowace jam'iyya ta san wata rana za ta iya zama ita ce a waje. Majalisa ta karɓa.

Dokar ta fito a 1956, hukumar NBC ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 1957. An zana ta bisa tsarin BBC: majalisar masu kula a Ikko, da wata a kowace jiha, Arewa da Gabas da Yamma. Doka ta umarce ta da ta yi aiki ba son kai, ta nuna haɗin kan Nijeriya, ta kuma ba al'adun kowace jiha haƙƙinsu. Amma fa kuɗin tafiyar da ita yawanci daga Gwamnatin Tarayya su ke zuwa, in baki ya ci kuwa, ido ya kan ji kunya. A 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, Majalisa ta gyara dokar, ta ba Ministan Watsa Labarai ikon ya ba hukumar umarni. Abin da Adegbenro ya ƙwace daga hannun Gwamna Bature, ga shi ya koma hannun minista ɗan ƙasa cikin shekara huɗu.

Ita ma jam'iyyarsa ba ta tsaya ga hanyar da ya nuna ba. Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon kafa gidan rediyonta, Awolowo kuwa bai manta da abin da aka yi masa ba. Ran 31 ga Oktoba 1959 Gwamnatin Yamma ta buɗe gidan talabijin a Badun. Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960, Arewa ta buɗe nata rediyo da talabijin a Kaduna a 1962. Kowace gwamnati ta sami bakin kanta, abokan hamayyarta na cikin gida kuma suka ɗanɗani irin abin da Awolowo ya ɗanɗana.

Adegbenro da kansa ya na cikinsu. A watan Mayu 1962 Action Group ta rabu biyu, Gwamnan Yamma, Sarkin Ife Sir Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Samuel Akintola, ya naɗa Adegbenro. Da Majalisar Badun ta zauna sai faɗa ya ɓarke, aka yi ta jifa da kujeru, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Shari'ar ta kai har kotun ƙoli ta London, wadda ta ba Adegbenro gaskiya a 1963, amma kafin hukuncin ya yi aiki aka gyara tsarin mulkin jihar, Akintola ya ci gaba da mulki.

A zaɓen Yamma na Oktoba 1965 Adegbenro ne ya jagoranci 'yan hamayya. Gidajen rediyon Badun suka faɗi cewa jam'iyyar Akintola ce ta ci, rediyon Gabas ya na faɗin wani sakamako dabam, talaka ya rasa wanda zai gaskata. Adegbenro ya yi shelar shi ya ci, ya kafa gwamnati, aka kama shi. Cikin waɗannan kwanaki wani mutum riƙe da bindiga ya shiga ɗakin NBC na Badun, ya sa aka cire faifan jawabin Firimiya aka sa nasa, mai cewa Akintola ya sauka. An tuhumi marubuci Wole Soyinka da wannan aiki, alƙali Kayode Eso ya sallame shi. Bayan wata uku, ran 15 ga Janairu 1966, soja suka kifar da gwamnati, Manjo Nzeogwu kuma ta rediyon Kaduna ya yi tasa shelar.

Adegbenro ya rasu a 1975. Hukumar da shawararsa ta haifa ta ƙara shekara uku a bayansa, sa'an nan Gwamnatin soja ta sake mata tsari a 1978, ta zama FRCN.