Yadda tsofaffin sojojin Amurka ke neman a gyara takardunsu don a amince da raunukan da suka samu a fagen daga

A kowace shekara, hukumomin sojan Amurka suna karɓar takardun koke daga 'yan mazan jiya, ko daga iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, suna neman a rubuta a cikin kundin aikinsu cewa an yi musu rauni a bakin daga.

Wasu daga cikin waɗannan koke-koke sun shafi yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afghanistan, wasu kuwa sun samo asali ne tun daga yaƙin Vietnam, ko na Koriya, ko ma yaƙin duniya na biyu.

Ga bayani a kan yadda tsarin yake.

Wace lambar yabo ake magana a kai?

Alamar da gwamnatin Amurka ke amfani da ita wajen shaida cewa abokan gaba sun raunata soja, ko sun kashe shi, ita ce lambar yabon Purple Heart, mai siffar zuciya da launin shunayya, ɗauke da hoton George Washington.

Asalinta yana komawa ne ga wata lambar girmamawa da Janar Washington ya ƙirƙiro a shekarar 1782. An daina bayar da ita bayan yaƙin neman 'yancin kai, har zuwa ranar 22 ga watan Fabrairun 1932, lokacin da aka farfaɗo da ita a zamanin da Janar Douglas MacArthur yake hafsan hafsoshin sojan ƙasa.

An ƙiyasta cewa an bayar da kimanin miliyan 1.8 tun daga wancan lokaci, sai dai babu wani cikakken jerin sunayen waɗanda suka samu.

Wane irin rauni ne ake amincewa da shi?

Sharuɗɗan guda uku ne. Dole raunin ya kasance sakamakon aikin abokan gaba. Dole ya kai matsayin da ke buƙatar kulawar likita. Kuma dole a ce an rubuta wannan kulawa a cikin takardun hukuma.

Saboda haka harbin bindiga, da ɓaraguzan bam, da nakiya, duk suna ciki. Amma cuta, da bugun zafin rana, da illar tsananin sanyi, da haɗarin mota wanda babu hannun abokan gaba a ciki, ba sa ciki.

Dokar ta sha sauye-sauye. A shekarar 1984 Shugaba Ronald Reagan ya shigar da waɗanda harin ta'addanci na ƙasa da ƙasa ya rutsa da su. A 1993 majalisar dokoki ta amince a haɗa da sojan da 'yan uwansa suka harba bisa kuskure ana tsakiyar gumurzu da abokan gaba.

Sai dai a farkon 2009 ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta bayyana cewa ciwon firgita da ke addabar soja bayan yaƙi bai cancanci lambar ba.

Me ya sa ake rasa rubuta raunin tun farko?

Sharaɗi na uku shi ne inda gizo ke saƙa. A tsakiyar faɗa, ma'aikacin jiyya kan ɗaure wa soja rauni ya mayar da shi bakin daga ba tare da ya rubuta komai ba. Wani lokaci kuma ana kai mai raunin asibiti mai nisa, takardunsa su ɓace a hanya, ko kwamandan da ya kamata ya sa hannu shi ma ya rasa ransa.

Akwai kuma sojojin da suka ƙi kai rahoton rauninsu, saboda ganin cewa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na abokansu da suka rasa hannu ko ƙafa. Sai bayan shekaru, lokacin da tsufa da rashin lafiya suka zo, sannan batun yake tasowa.

Wace ɓarna gobarar 1973 ta yi?

A ranar 12 ga watan Yulin 1973, gobara ta tashi a hawa na shida na cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa da ke kusa da birnin St Louis a jihar Missouri.

Wutar ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa miliyan 18. Wannan ya haɗa da kusan kashi 80 cikin ɗari na takardun sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, da kuma wani kaso mai yawa na sojan sama da aka sallama tsakanin 1947 da 1964. Ba a ajiye kwafinsu a wani wuri ba.

Wannan ne ya sa masu bincike ke komawa ga wasu kafofi, kamar rahoton safe da kowace runduna ke rubutawa kullum, da katunan kwantar da majiyyata a asibitocin soja, da takardun biyan albashi, da wayar tangaraho da aka aika wa iyali.

Ina ake kai koken?

Kafin 1946, duk wanda yake son a gyara masa kuskure a takardunsa na soja sai ya nemi ɗan majalisa ya gabatar da ƙudurin doka na musamman dominsa. A wannan shekara ce majalisar ta sauke wa kanta wannan nauyi, ta ba sakatarorin rundunonin soja ikon kafa hukumomin gyaran takardu.

Sojan ƙasa, da na ruwa, da na sama kowanne yana da tasa hukumar, kuma fararen hula ne ma'aikatan gwamnati ke zama a cikinta. Aikinsu shi ne gyara kuskure ko kawar da rashin adalci.

A bisa ƙa'ida, mai koke yakan fara ne da ofishin rundunarsa mai kula da lambobin yabo. Ga sojan ƙasa, ofishin yana sansanin Fort Knox a jihar Kentucky. Idan aka ƙi amincewa, sai ya cike fom mai lamba DD-149 ya aika wa hukumar gyaran takardu. Idan tsohon sojan ya rasu, matarsa, ko 'ya'yansa, ko wani magajinsa na iya shigar da koken.

Doka ta ba da wa'adin shekaru 3 daga lokacin da aka gano kuskuren, amma hukumar tana da ikon ɗage wannan wa'adi idan adalci ya buƙaci haka.

Wace hujja ake buƙata?

Hukumar tana fara aikinta ne da ɗaukar cewa abin da ke rubuce daidai ne, don haka nauyin kawo hujja yana kan mai koke. Hukumar ba ta fita yin bincike a madadinsa, kuma mafi yawan lokuta takardu kawai take dubawa ba tare da ta kira shi gabanta ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar likita da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Bayan ita akwai rahoton runduna da ke nuna cewa an yi arangama a wannan rana, da rantsuwar waɗanda suka gani da idonsu. Maganar mai koke ita kaɗai, ko tabon da ke jikinsa, da wuya su wadatar, domin tabo ba ya nuna wanda ya haddasa shi.

Idan an amince, ana gyara takardar sallama daga aiki, wadda aka sani da DD-214, a kuma ba da lambar. Idan an ƙi, yana iya neman a sake dubawa in ya samo sabuwar hujja, ko ya garzaya kotun tarayya.

Raunin da ido ba ya gani fa?

Bama-baman da ake binnewa a gefen hanya a Iraƙi da Afghanistan sun jawo sabuwar muhawara, saboda ƙarfin fashewarsu yana girgiza ƙwaƙwalwa ko da jini bai fita ba. Kwamandoji da dama sun ƙi ɗaukar wannan a matsayin rauni.

A 2011 rundunar sojan ƙasa ta fayyace ƙa'idojinta a kan irin wannan rauni, ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda aka hana a baya su sake nema.

Batun ya sake tasowa bayan da Iran ta harba makamai masu linzami a kan sansanin Al Asad da ke Iraƙi ranar 8 ga watan Janairun 2020, domin ramuwar gayya a kan kisan Janar Qasem Soleimani. An gano cewa sojoji fiye da 100 sun samu raunin ƙwaƙwalwa, amma 29 ne aka fara ba lambar. Sai a watan Disamban 2021 aka amince da ƙarin 39.

Haka nan waɗanda harin sansanin Fort Hood na 2009 ya rutsa da su ba su samu lambar ba sai a 2015, bayan da majalisa ta sauya doka.

Mene ne amfanin gyaran?

Lambar ita kanta ba ta zuwa da fansho. Amma mai ita yana samun fifiko a asibitocin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, da ƙarin maki wajen neman aikin gwamnatin tarayya. Wata doka ta 2017 kuma ta ba waɗanda suka samu lambar daga 11 ga watan Satumban 2001 cikakken tallafin karatu, komai gajartar lokacin da suka yi a bakin aiki.

Waɗannan fa'idoji na daga cikin dalilan da suka sa hukumomin ke tsaurarawa. Tun 2013, laifi ne a dokar tarayya mutum ya yi ƙaryar samun lambar da nufin cin wata moriya.

Ga iyalai da dama kuwa, musamman waɗanda mahaifinsu ko kakansu ya daɗe da rasuwa, babu wani kuɗi da za su samu. Abin da suke nema shi ne takardar gwamnati ta tabbatar da cewa ya zubar da jininsa a fagen daga.