Daga Ngaski Zuwa Birmingham: Waiwaye Kan Nazarin Mulki da Asali a Ƙasar Yauri

Duk mai son fahimtar yadda ƙabilu daban-daban ke zama a ƙarƙashin sarauta ɗaya, ba sai ya tsallaka teku ba. Masarautar Yauri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, ta ishe shi makaranta. A nan ne Gungawa mazauna tsibiran Kogin Kwara, da Kambari, da Shangawa, da Dukawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta suka shafe ƙarnoni suna zaune tare da gidan sarauta mai magana da Hausa. Kusan shekara ɗari ke nan masana na juya tambaya ɗaya game da wannan ƙasa: wa ke mulki, wa ake mulka, kuma wane ne ɗan ƙasa?

Baƙi ne suka fara rubutu. Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a Birnin Yauri a 1830 suna neman inda Kwara ta ƙare. Shekara ɗari bayan haka, a 1930, jami'in mulkin mallaka P. G. Harris ya buga bayanansa kan Yauri. Irin wannan rubutu na da amfani har gobe, amma an yi shi ne don a san inda za a naɗa hakimi da yadda za a karɓi haraji. Shi ya sa aka jera ƙabilu kowace a gurbinta, kamar ba sa auratayya ko sauya harshe. Wannan kallo ya jawo ɓarna a 1915, lokacin da Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa a ƙarƙashin Yauri, mutane suka yi bore. Michael Crowder ya rubuta littafi guda a kan wannan bore a 1973.

Sauyi na gaske ya zo ne daga ɗan gida. Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya yi karatu a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a zamanin da Abdullahi Smith ke jagorantarsa, lokacin da ake koya wa ɗalibai su ɗauki tarihin baka da rubuce-rubucen Larabci da muhimmanci. A 1968 ya kammala kundin digirinsa na biyu kan yadda gwamnatin Hausawa ta Yauri ta yi rauni a ƙarni na 19. Zamani ne na rigimar 'yan sarki, da matsin Gwandu, da hare-haren Nagwamatse da zuriyarsa daga Kontagora, har Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa a 1888. Mahdi bai kalli Yauri a matsayin tarin ƙabilu ba. Ya kalle ta a matsayin gwamnati mai sarautu da haraji da yarjejeniya da talakawanta, wadda ke ƙarfi idan ta riƙe amanarsu, ta kuma karye idan ta saki.

Daga nan ya faɗaɗa tambayar. Bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Birmingham ta Ingila shi ne ya zama littafin The Hausa Factor in West African History a 1978, inda ya bi sawun fatake da malamai da masu sana'a daga ƙasar Hausa zuwa Borgu da Nupe da Gwanja. Darasin da ya fito fili shi ne, zama Bahaushe ba sai da jini ba: harshe da addini da sana'a da sutura na iya shigar da mutum. Ya kuma rubuta babi kan Hausawa da maƙwabtansu a juzu'i na 4 na tarihin Afirka da UNESCO ta wallafa, sannan ya shugabanci Jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989. Wannan kujera daga baya ta sake faɗawa hannun wani ɗan masarautar, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya zama Sarkin Yauri a 1999.

Lokacin da Mahdi ke rubuta kundinsa na farko, ƙasar da yake nazari tana nutsewa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin ya ci tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke masanin al'adu, Frank Salamone, ya zauna a Yauri ya ga yadda tashin ya hanzarta abin da ya daɗe yana faruwa: Bagunge ya musulunta, ya riƙi Hausa, 'ya'yansa su tashi a matsayin Yawurawa. Ya nuna cewa mai neman sarauta ko kasuwa ko shiga ofis yakan ga riba a sauya asali, kuma ba kowace ƙabila ce ta bi wannan hanya da sauri ɗaya ba. Kwatanta Gungawa da Dukawa a kan wannan batu shi ne ainihin abin da ake kira nazarin siyasa ta hanyar kwatantawa.

Sai dai a duk waɗannan matakai mata sun fi fitowa a gefen shafi. Mai karɓar haraji maza yake ƙirgawa, mai rubuta tarihin sarauta maza yake jerawa. Alhali a bakin tafkin mata ne ke bandar kifi, su ne ke kai shi kasuwa, kuma ta hanyar aure ne yawanci gida ke sauya harshe. Idan iyali ya bar auren da saurayi ke yi wa surukai shekaru na noma ya koma auren sadaki, ko matar da ke zuwa gona ta shiga kulle, ba addini kaɗai ya sauya ba. Aikinta da dukiyarta da muryarta duk sun sauya. Matan Arewa ba su fara kaɗa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan gwagwarmayar irin su Gambo Sawaba. A Zariya aka kafa ƙungiyar Women in Nigeria a 1982, inda masana kamar Ayesha Imam suka dage sai an haɗa batun jinsi da na talauci. Barbara Callaway ta fitar da littafinta kan matan Hausawa a 1987, amma Kano ta nazarta. Birane ne suka kwashe hankalin masu bincike, ƙauyukan bakin ruwa suka samu saura.

Yau tambayar ɗan ƙasa ta koma takarda. Tun tsarin mulkin 1979 aka shigar da rabon muƙamai bisa asalin jiha, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofar makaranta da aiki. Basarken da kakansa ya biyo kifi ya zauna a Wara, ɗan ina ne? Matar Shanga da ta yi aure a Jihar Neja, a ina za ta tsaya takara ba a ce mata baƙuwa ba? Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, wa take tuntuɓa idan ta shiga ƙauye, dagaci kaɗai ko har da masu banda?

Mahdi Adamu ya nuna cewa ɗan Ngaski na iya ɗaukar tarihin garinsu ya sauya yadda duniya ke kallon Hausawa. Aikin da ya rage wa ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi da Aliero shi ne su koma Wara da Shanga da Yelwa da waɗannan tambayoyi, su yi hira da mata cikin harsunan Gungawa da Kambari tun tsofaffin da suka ga tashin 1968 na da rai. Ɗaliba 'yar yankin ce za ta fi kowa iya wannan aiki, domin ita ce za a bari ta wuce zaure.