Tazarar da Ake Bari Tsakanin Allunan Katako Wajen Shimfiɗa Rufi

Galibin gidaje a Nijeriya ana buga kwano ne kai tsaye a kan sandunan rufi. To amma akwai nau'in rufin da ba ya zama sai an fara shimfiɗa masa allunan katako, musamman shingul, wato ƙananan fallayen kwalta da ake jerawa kamar ɓawon kifi, waɗanda ake gani a wasu gidajen Legas da Abuja. Allunan da ake shimfiɗawa su ne filawud ko OSB, wanda ake haɗawa da ɓarɓashin itace da gam a matse. Girman kowane allo yawanci ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo.

Ƙa'idar aikin ita ce kada a manne allo da allo. Ƙungiyar APA ta masu sarrafa irin waɗannan alluna a Amurka tana ba da shawarar a bar tazarar kashi ɗaya bisa takwas na inci, kimanin milimita 3, a dukkan gefuna huɗu, sai dai idan kamfanin da ya yi allon ya ba da wani umarni dabam.

Zafin rana ne ke sa kwano ya miƙe, amma shi katako danshi ne ke motsa shi. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta taɓa ƙin rufuwa da damina, ta kuma saki da hunturu, ya riga ya san wannan hali na itace. Allunan suna fitowa daga masana'anta a bushe sarai, saboda da zafi ake matse su. Da zarar sun shaƙi laimar iska, ko ruwan sama ya doke su kafin a rufe su, sai su kumbura. An tsara filawud ne falle bisa falle, kowanne a gicciye da na ƙasansa, domin a rage wannan motsi, sai dai ba a kawar da shi gaba ɗaya ba. Abin da allo ɗaya zai ƙara kaɗan ne. Amma idan alluna goma suna jere kuma babu inda za su numfasa, sai su yi ta tokarar juna har wani ya banƙare tsakanin sanduna biyu, ko gefensa ya ɗago.

Daga nan ne ake ganin tudu-tudu da layuka a jikin rufi, musamman da hantsi ko da la'asar idan rana ta haska shi ta gefe. Shingul ba shi da kauri, ba ya ɓoye aibin abin da ke ƙarƙashinsa. Inda abin ya tsananta, fallayen kan ɗago, iska ta samu wurin kamawa, ruwa ya samu hanya. Gyaran kuwa ba arha ba ne: sai an yaye rufin, a bi mahaɗar allunan da zarto a buɗe tazarar da ya kamata a bari tun farko, a sauya waɗanda suka lalace, sannan a sake rufawa.

Yanayin ƙasar nan yana ƙara wa batun nauyi. Allon da aka buga a Kano ko Abuja cikin watan Janairu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, shi ne zai sha laimar Agusta. Shi ya sa ake so a ajiye allunan a wurin aiki na 'yan kwanaki, a kwance bisa katako ba a ƙasa ba, a lulluɓe ta yadda iska za ta ratsa, kafin a hau da su.

Auna tazarar ba ta buƙatar wani kayan aiki na musamman. Kafinta kan sa ƙusa mai kaurin milimita 3 tsakanin alluna biyu, ya buga, sannan ya zare ta. Akwai kuma 'yan ƙarafa masu siffar harafin H da ake maƙalawa a dogayen gefuna tsakanin sanduna. Suna tallafe gefen allo, wasunsu kuma suna barin tazarar da kansu. Wasu kamfanoni ma sukan rage girman allon kaɗan tun daga masana'anta, don kada tazarar ta gusar da mahaɗa daga kan sanda.

Ana kwantar da allo ne a gicciye bisa sandunan, kuma mahaɗar layi ɗaya ba ta faɗa daidai da ta layin da ke binsa, kamar yadda magini ke jera bulo. Ƙusoshi kan kasance inci 6 tsakaninsu a gefuna, inci 12 a tsakiya, a kuma ja su kimanin santimita ɗaya daga baki don kada allon ya tsage.

Maigida da ya hau duba aiki ya ga hasken rana na leƙowa ta tsakanin alluna zai iya zaton ganganci ne. Ba aikin allon ba ne tare ruwa. Shimfiɗar da ake ɗorawa a kansa da shingul ɗin ne ke yin wannan. Wurin da ya cancanci ya tsaya ya tambayi kafinta shi ne inda ya ga alluna sun haɗe babu ko kafar allura.