'Yan Takari: Yadda Mahajjatan Ƙasar Hausa Suka Zauna a Sudan

Tun kafin zuwan Turawa, mutumin ƙasar Hausa da ya yi niyyar sauke farali yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ta farko ita ce ta arewa, wadda ke bi ta Agadas da Gat da Fezzan ta faɗa Masar. Wannan hanya ce ta masu hali, waɗanda ke iya sayen raƙuma da biyan jagora. Ta biyu ita ce ta gabas, wadda ke ratsa Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur har ta kai gaɓar Kogin Nilu. Ita ce hanyar talaka, domin jarinta ƙafa ne da haƙuri. Larabawa suna kiran masu bin ta Takarir, watau mutanen Takrur, daga nan ne kalmar Takari ta samo asali. Suna kuma kiransu Fallata, sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi, amma a Sudan ya game Bahaushe da Bafillace da Babarbare, ba a rarrabewa.

Hijirar da ta cika Sudan da mutanen yamma ta faro ne a 1903. Ran 15 ga Maris na wannan shekara sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Da ma tun zamanin Shehu ana riwaya cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa Nilu ta sadu da Mahadi. Turawa suka tarar da Attahiru a Burmi, aka kashe shi ran 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya tsira, ya ja ragowar jama'a. Wajen 1906 suka sauka a ƙauyen Shehu Talha, bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka ƙetare kogin suka kafa garin da har yanzu ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Abin takaici gare su shi ne, Ingilishin da suka gudo wa su ne suka tarar suna mulkin Sudan tun cin Umdurman a 1898.

Waɗanda suka biyo sawunsu cikin shekarun da suka gabata ba mayaƙa ba ne. Talakawa ne, waɗansu haraji ya koro su, waɗansu aikin tilas, waɗansu yunwar 1914, waɗansu kuwa bayi ne masu neman inda ba a san asalinsu ba. Amma ko wanne aka tambaya, amsarsa ɗaya ce: Makka za shi. Daga Kano akan bi Maiduguri, da Fot Lami wadda ake kira Njamena yanzu, da Abeshe, da Junaina, da Fashir, har Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga nan mai kuɗi yakan hau jirgi zuwa Sawakin, ya ƙetare Bahar Maliya ya sauka Jidda. Masu kuɗin kuwa ba su da yawa. Galibi in damina ta faɗi sai ayari ya yada zango, a yi ƙodago ko a ari gona, bayan kaka a sayar da amfani a ƙara gaba. A kowane babban gari akwai zangon Hausawa da mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya nuna masa inda ake ɗaukar ma'aikata, ya tsaya masa gaban hukuma. Ta haka tafiyar kan ci shekaru, har yaron da aka baro gida da shi a goye ya isa Nilu yana ɗauke da kaya. Hanyar ita ce makarantarsu ta farko. Kafin mutum ya ga Nilu ya riga ya koyi cin abincin da bai saba ba, da yin sana'ar da ubansa bai yi ba, da ciniki da harshen da bai iya ba.

Sudan ɗin da suka iske tana ƙishirwar ma'aikata. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwar 1889 sun rage jama'a ƙwarai. Turawa sun hana cinikin bayi, 'ya'yan masu ƙasa na bakin kogi kuwa suna ƙyamar ƙodago, domin a idonsu aikin bayi ne. Saboda haka gwamnati ta yi na'am da baƙin, ta ba Mai Wurno ƙasa da izinin saukar da mutanensa, ƙauyukansu suka yi ta yaɗuwa kudu a gaɓar kogin da wajen Dindir da Rahad. Amma fa hannu ɗaya na maraba, ɗaya na riƙe da sanda. Da yawa daga cikin Takari sun tafi Tsibirin Aba suna yi wa Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi noma don neman albarka, wannan kuwa ya hana Turawa barci, har gwamnatin Nijeriya ta aiko wani jami'inta, G. J. Lethem, wajen 1925, ya bi hanyar mahajjata har Jidda yana binciken abin da suke ƙullawa.

A wannan shekara ta 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun Jazira, watau filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An fara da fadan 300,000, fadan kuwa ya ɗara eka da kaɗan. Manufar ita ce a noma auduga mai dogon zare don masaƙun Ingila. Masu tarayya uku ne: gwamnati, da kamfanin Turawa, da manomi wanda aka yanka wa gona da ake kira hawasha, rabonsa kashi 40 cikin 100 na kuɗin audugar. Sai dai hawasha ta fi ƙarfin gida ɗaya, musamman lokacin cire ciyawa da lokacin tsinka. A nan ne aka bukaci ɗan Takari.

Yana da kyau a tsaya a dubi abin da wannan aiki yake nufi ga manomin da ya taso a Katsina ko Damagaram. A gida sama yake duba, shi ke yanke ranar shuka, in ya ga dama ya haɗa gero da wake a kunya ɗaya. A Jazira ruwa ta magudana yake zuwa, a ranar da aka rubuta, Baturen gona kuma shi ke faɗin abin da za a shuka da inda za a shuka shi. Ana shuka auduga wajen Agusta, a yi ta tsinka daga Janairu zuwa Afrilu, ladan mai tsinka kuwa gwargwadon abin da ma'auni ya nuna. In an gama, a tsakiyar bazara, sai a tuge itacen audugar duka a ƙone don kashe cuta, aikin da babu wanda ke so. Ma'aikatan suna kwana a bukkokin kara da ciyawa a gefen magudana, a filin da ba nasu ba. Irin wannan mazauni ana kiransa kambo, jam'insa kanabi. Ruwan magudanar shi ne na sha da na wanka, shi ne kuma ya gadar musu da tsargiya da masassara.

Ta wajen ci da sha da ibada, baƙuncin bai yi tsanani ba. Dawa ce abincin ƙasar. Asidarsu 'yar'uwar tuwo ce, miyarsu ta weka busasshiyar kuɓewa ce, kisra kaɗai ce baƙuwa, ita ma ba ta daɗe ba ta shiga gidajen Hausawa. Mazhaba ɗaya ce, ta Imamu Malik. Inda aka sha wuya shi ne harshe. Malamin da ya sauke Risala da Ishiriniya yakan shiga kasuwar Madani ya kasa taya albasa, domin Larabcin littafi daban, na bakin titi daban. Maza sun koyi na kasuwa ala tilas. Mata kuwa, da yake yawancinsu suna kulle, sun ci gaba da Hausarsu, kuma su ne dalilin da ya sa harshen bai mutu ba, ko da yake ya sha aron kalmomin Larabcin Sudan har ya ƙoshi.

A birane kamar Madani da Gadarif da Kasala da Hartum, Takari sun kama sana'o'in da 'yan gari suka raina ko ba su iya ba: ga-ruwa, da dako, da sayar da itace da gawayi, da wanzanci. A bakin kogi sun zama masunta, suka kuma mai da gaɓar da ruwa ke janyewa ya bari, wadda Larabawa ke kira juruf, tamkar fadamar gida, suna noman albasa da tumatir da kuɓewa. Mata suna sana'a daga cikin gida, yara na kai talla, kamar dai a Kano. Biyu daga cikin abubuwan da suka zo da su sun zama na kowa a Sudan. Ɗaya shi ne agashe, watau tsire, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida. Ɗayan shi ne godogodo, abin sha na gero da nono, ɗan'uwan fura.

Sana'ar da ta fi ba su daraja ita ce malanta. 'Yan Sudan suna kiran malamin tsubbu faki, laya hijabi, rubutun sha kuwa mihaya, kuma sun yi imani cewa alƙalamin fakin Fallata ya fi kaifi. Mai hawashar da ya hantari ɗan Takari da rana a gona yakan je wurin malaminsu da dare neman taimako. Wannan daraja ce mai haɗe da tsoro, tsoro kuwa ba ya nisa da zargi. Makarantun allonsu sun ci gaba da karatun Warshu da rubutun da aka saba a Hausa da Barno, alhali maƙwabtansu na tsakiyar Sudan ruwayar Duri suke bi.

Duk da wannan kafuwa, da yawansu ba su yarda cewa sun zauna ba. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Gana, C. Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan Jazira cikin shekarun 1980, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjatan farko, waɗanda aka haifa a Sudan kuma ba su taɓa ganin Makka ba, suna ce wa kansu matafiya. Ba su son gina gidan bulo, domin mai tashi gobe ba ya gini. Suna ɗari-ɗari da makarantar gwamnati, suna aure a tsakaninsu, suna tara kuɗin jirgi. Kuɗin kuwa ba ya taruwa, saboda kafin kaka mai kanti ya riga ya saye amfanin da araha ta hanyar bashin da ake kira shel.

Abu ne mai sauƙi a ce yaudarar kai ce, amma wannan hukunci bai yi musu adalci ba. Wanda ya ɗauki kansa baƙon Allah a kan hanyar Ɗaki mai alfarma yana iya ɗaukar tulun wani, ya tuge audugar wani, a kira shi da sunan raini, duk ba su taɓa mutuncinsa ba, domin a ganinsa zango ne, ba gida ba. Wannan niyya ita ce ta ba su ƙarfin jure abin da zai karya wani. Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma wanda ya yi ta faɗin cewa shi raɓa ne, wata rana za a riƙe shi a kan maganarsa.

Haka kuwa aka yi. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a duniya, cuta kuma ta kama gonakin Jazira, masu hawasha da yawa suka watsar da su. Kamfani ya miƙa waɗansu ga Takari, suka riƙe su cikin wuya. Da farashi ya farfaɗo, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai 'yan ƙasa suka fara ƙorafin cewa baƙi sun cinye musu gado. A 1948 aka yi dokar da ta bayyana wane ne ɗan Sudan: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar 1957, bayan samun mulkin kai, ta riƙe wannan rana. Ke nan duk wanda ya zo bayan Burmi ya faɗa waje, har da jama'ar Mai Wurno. Wanda ba shi da takardar jinsiyya kuwa da wuya ya sami sabuwar hawasha, ko aikin gwamnati, ko gurbi a babbar makaranta. Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne noman tarayya, su yi wahalar dawa ko gyaɗa a gonar mai hawasha a raba amfani. A dokar 1994 an matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma ko bayan haka ɗan Fallata ya ci gaba da shan tambayoyin da ba a yi wa waninsa a ofishin ba da takarda.

A halin nan kuma hanyar da ta kawo su ta yi ta mutuwa. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, tafiyar shekara bakwai ta koma ta sa'o'i, kan iyakoki suka tsananta, fasfo ya maye gurbin mai masauki. Sababbin zuwa suka ragu, waɗanda ke can suka yi ta hayayyafa. 'Ya'yansu na birni suka shiga makaranta, suka zama malamai da 'yan kasuwa da sojoji da 'yan ƙwallo, waɗansu ma Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu.

Maganar ƙasa ce ba ta warware ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, waɗansu ƙabilun yankin suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba shi da ita. Aka yi faɗa a Rusairis da kewayenta, aka sake yi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Madani da Hartum. Mafi yawan waɗanda suka fito a Sudan aka haife su, a Sudan aka haifi iyayensu, kuma abin da suke nema a wannan karo shi ne a lissafa su cikin 'yan ƙasa.